Amsar tambayarki kan ƙibar yaran nan Makka

Ƙanwata kin ce a hotunan da nake turowa duk yaran Takari kumatu ne kamar an hura, wai ko zamzam ne. Na yi dariya wlh, zamzam ba ruwansa, tun daga ciki abin ke farawa.

Kin san mu nan Shara Mansur da Hindawiyya har yau ba mu bar tuwo da miyar kuka ba, fura ma akwai, amma mai juna biyu idan kwaɗayi ya taso mata ba tuwo take nema ba. Da safe gurasar tamis da ful, wato dafaffen wake, ko ma'asub wanda ayaba ce da gurasa an zuba kirim da zuma, da rana kabsa shinkafa tana ninƙaya cikin mai, da daddare a aiko da burost, wato soyayyar kaza, da bebsi (Pepsi) mai sanyi, kuma ga zafi ba ta fita, daga ƙarƙashin esi sai mota. Ku can ko ba komai mace tana daka tana shara tana zuwa unguwa da ƙafa. Tsofaffinmu kuma kullum ci ki ƙara, ai na mutum biyu ne.

A cikina na uku aka kama ni da sugan masu ciki. Nan ana gwajin suga tsakanin sati 24 zuwa 28, su ba ki wani ruwa zaƙi cau ki sha su ɗebi jini. Likitar ta zaunar da ni ta ce sugan da ya yi yawa a jinina yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan, jikinsa ya yi ta fitar da insulin, sinadarin da ke sarrafa suga, yana mai da sugan kitse, sai a haifo shi ya haura kilo 4 dangi na ta guɗa, alhali irin waɗannan yaran sun fi saurin yin teɓa da ciwon suga idan sun girma. Ta ce yunwa ma haka take yi, a Holan lokacin yunwar 1944 zuwa 1945 waɗanda abin ya samu suna farkon ciki sun taso da ƙiba fiye da sauran.

Shinkafar na rage, bebsi kuma na daina gaba ɗaya, dama a 2017 gwamnati ta lafta masa haraji kashi 50. Dabino ne dai muka yi rigima da surukata, ita a wajenta hana mai ciki dabino a ƙasar nan kusan saɓo ne, sai da muka daidaita a kan ƙwaya uku. Ke ma tunda kin shiga wata na biyar, idan kin je awo ki ce su duba miki sugan, kar ki jira sai sun tambaya.