Kafin ka mayar da 7mm ɗinka zuwa .300

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu na Gombe ya ce bindigarsa ta farauta mai sakata, Remington 700 mai cin 7mm Remington Magnum, ta fara watsa harsashi, yana tambaya ko zai iya sa mata sabon bututu na .300 Winchester Magnum. Na daɗe ina riƙe da irinta a nan Bauchi, ga abin da na sani.

Ta ɓangaren ƙarfe, aikin ba shi da wuya. Harsasan nan biyu tushensu ɗaya, kwanson harsashin .375 H&H na 1912 mai ɗamara a gindi. Faɗin gindinsu inci .532 ne, don haka ba sai an taɓa fuskar sakata ba. Tsawon 7mm inci 3.29, na .300 kuma 3.34, gidan harsashinka zai ɗauka.

Inda gizo ke saƙar shi ne doka. Dokar makamai ta 1959 ta jera 7.62mm da .300 da .303 cikin bindigogin soja da aka haramta, waɗanda lasisinsu sai daga Shugaban Ƙasa. Naka lasisin na Sufeto Janar ne, kuma an rubuta girman harsashin a jikinsa. Ranar da ka ɗaura bututun .300, bindigar da ke hannunka ba ita ce ta cikin takardarka ba. Da yadda tsaro yake yanzu, ba na yi maka fatan tsayawa yin wannan bayani a shingen hanyar Alkaleri. Gyaran ma doka ta ce sai mai izini.

Sannan ka tabbata bututun ne ya mutu? Gaskiya ne 7mm Magnum tana cin maƙogwaron bututu, wato farkonsa inda harsashi ke fara shiga, da wuri, albarushi mai yawa ne ke bi ta ƙaramar kafa. Amma mafarauci mai harbi jefi-jefi ba ya saurin kai ta can. Wani abokina ya kawo mini tasa da irin wannan kuka a tsakiyar hunturu. Na sa sukudireba a ƙusar da ke riƙe ƙarfe da katako, sai ta juya kamar ba a taɓa ɗaure ta ba, sanyi ya busar da katakon ya tsuke. Muka zura tsumma da ruwan wanke tagulla cikin bututun, ya fito shuɗi, alamar tagullar harsashi ta taru a ciki. Muka yi ta maimaitawa har ya fito fari. Da muka gwada a mita 100, harbi uku suka taru wuri guda. Ka duba waɗannan, ka duba ƙusoshin madubin saiti, ka haska bakin bututu ko ya taɓa buguwa da dutse.

In duk ka yi haka ba ta gyaru ba, ni dai sabon bututun 7mm zan sa mata. Lasisinka na nan daram, harsashin da ka sani ne, kuma barewa ko gadu ba sa buƙatar fiye da haka. Wani zai ce maka .338 Winchester Magnum, ita ma gindin ɗaya ne. Amma sai an sauya maka takarda, tana dukan kafaɗa sosai, kuma ina za ka samu harsashinta ta halastacciyar hanya?

Don Allah kada ka kai wa maƙerin gari. Ina girmama su, a kan adaka ba su da na biyu, amma matsin da ke cikin waɗannan harsasai ya haura fam 60,000 a kan kowane murabba'in inci, kuma a dab da idonka yake tashi. Mai aikin dole ya kasance da ma'auni biyu na tazarar zaman harsashi: sakata ta rufe a kan na farko, ta ƙi rufewa a kan na biyu. Ka ce ya gwada a gabanka. In ba shi da su, ka ɗauki bindigarka ka yi masa sallama.

Ka fara zuwa sashen makamai na hedikwatar 'yan sanda a Gombe da lasisinka, su gaya maka wanda aka yarje wa yin aikin, kafin ka biya kuɗin bututu.