Sabar shagona ta tsufa amma tana aiki, sai na sauya ta?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi a sari a Kasuwar Dole ta Damagaram ya aiko da tambaya. Yana da saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da lissafin kayan shagunansa uku da sunayen masu bashi, kuma Windows Server 2012 R2 ne a kanta, wato manhajar kamfanin Microsoft da ke tafiyar da ita. Mai kula masa da na'urori ya ce a sauya, shi kuwa yana ganin abin da bai lalace ba me ya sa za a kashe masa kuɗi.

Alhaji, ka sauya. Microsoft ta daina fitar da gyaran tsaro na kyauta ga wannan manhaja tun 10 ga Oktoban 2023. Na'urarka za ta ci gaba da tashi kowace safiya, shi ya sa hankalinka ya kwanta, amma duk ɓarakar da aka gano daga ranar nan a buɗe take. Kamar shago ne da ɓarayin gari suka san kwaɗonsa ya lalace, mai shi kaɗai ne bai sani ba.

A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har da asibitocin Ingila, tana neman kuɗin fansa. Tun watan Maris aka fitar da maganinta, waɗanda ba su saka ba, su ta kama. Kai kuwa yanzu ko maganin ba ya zuwa maka.

Ka yi lissafin a kan bashin da kake bi. Idan bayanan suka kulle gobe, masu shaguna nawa ne daga Mirriya, Magarya da Matamaye za su zo da kansu su faɗi abin da ke kansu daidai? Wasu za su faɗa, akwai masu tsoron Allah. Sauran fa? Wannan asarar za ka auna da kuɗin sabon lasisi.

Sai dai kada a yi aikin da gaggawa, kuma kada a taɓa na'urar nan ana gab da azumi ko sallah, lokacin da ciniki ya fi zafi. Ka fara tambayar wanda ya sayar maka da manhajar lissafi ko tana aiki a kan Windows Server 2022, wanda za a ci gaba da kula da shi har Oktoban 2031. A nan mutane suka fi tuntuɓe. Kada ka yarda a saka maka na 2016 don ya fi araha, nasa wa'adin Janairun 2027 ne. Na jabu kuma ka guje shi.

A kwafe komai a faifan da ba ya haɗe da sabar, a gwada dawo da bayanan a gabanka, ka ga sunaye da alƙaluma da idonka. Idan da hali a ɗora sabuwar a wata na'ura daban, a bar tsohuwar a ajiye har ku rufe lissafin wata guda ba tare da tangarɗa ba.

Idan kuɗin bai kama ba yanzu, yau ɗin nan ka sa a rufe hanyar shiga sabar daga nesa, a hana yara buɗe intanet ko soka kebul ɗin waya a jikinta, sannan ka riƙa ware wani abu daga ribar kowane mako har su cika.