Tambaya da Amsa: Atom mai faɗuwa da ka'idar Einstein

Tambaya: Malam, na ji cewa yanzu da atom ake auna ƙarfin jan ƙasa. Shin akwai ruwan ka'idar Einstein a wannan awo, ko kuwa lissafin Newton ya wadatar? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Akwai ruwanta ƙwarai, ɗalibi, sai dai ta ƙofar da mutane ba su cika zato ba. Ana sanyaya atom na sinadarin sisiyam ko rubidiyam da hasken leza, a sake su su faɗi cikin bututun da aka zuƙe iskarsa, sannan a harbe su da walƙiyar leza sau uku. Da yake atom yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, ta farko tana raba igiyar kowane atom gida biyu, ta biyu ta karkato da su, ta uku ta haɗe su, kuma daga yanayin haɗuwar ake karanta saurin faɗuwar. Mark Kasevich da Steven Chu suka fara nuna hakan a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1991, kuma zuwa 1999 kuskuren awon bai wuce kashi 3 cikin biliyan ba.

A nan ne maganar Einstein ke shigowa. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, amma duk da haka sai ya ɗauki lokaci kafin ya cimma atom ɗin, wanda shi kuma bai tsaya jiransa ba. Atom mai gudun 'yan mitoci a daƙiƙa yana tafiya da kusan kashi 1 cikin miliyan 100 na gudun haske, kuma tun da wannan ya fi kuskuren na'urar girma, duk wanda bai sa shi cikin lissafi ba zai fito da amsa karkatacciya. Sauran gyare-gyaren, irin na lanƙwasar sarari da lokaci, sun yi ƙanƙanta ga na'urorin yau.

A 2010 Holger Müller da Achim Peters da Chu sun ce shi kansa atom agogo ne, don haka awon ya gwada yadda jan ƙasa ke rage gudun lokaci, kamar yadda ka'idar Einstein ta faɗa. Peter Wolf da abokan aikinsa a Faransa, ciki har da Claude Cohen-Tannoudji, suka musanta, suka ce abin da aka gwada shi ne ko atom da madubin gilashi, wanda ake saki ya faɗi a wata na'urar auna jan ƙasa, suna faɗuwa daidai da juna. A ganina hujjar Faransawan ta fi ƙarfi, domin na'urar ba ta ƙirga bugun wannan agogo kai tsaye.