Ƙidayar Jama'a da Sirrin Gidanka: Ina Ikon Gwamnatin Tarayya Ya Tsaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Maru, amma shekara uku ke nan muna zaune a Gusau tun da 'yan bindiga suka tashe mu. Ina jin ana ta maganar za a yi ƙidaya. Tsorona kada in faɗi yawan iyalina da abin da na mallaka, maganar ta faɗa kunnen infoma. Kuma matana suna kulle. Shin doka ta ba ni damar in ƙi a ƙirga mu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya mayar da ku gida lafiya, Malam. Tsoronka yana da dalili, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma gaskiyar magana, doka ba ta ba ka damar ƙin shiga ƙidaya ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa ƙidaya cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, ya kuma damƙa aikin ga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Dokar hukumar ta 1989 ta mai da ƙin amsa tambayoyinta da faɗin ƙarya da gangan laifi.

Sai dai wannan iko yana da iyaka, kuma nan nake so ka kasa kunne. Sashe na 37 na kundin ya kare sirrin ɗan ƙasa da na gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Sashe na 45 ya yarda a taɓa wannan haƙƙi ne kawai ta hanyar doka, bisa dalili mai ma'ana irin na tsaro ko lafiyar jama'a ko kare haƙƙin wasu. Saboda haka malamin ƙidaya baƙo ne da ya zo da tambayoyi ƙayyadaddu. Ba ya ɗauke da takardar bincike daga kotu. Ba shi da hurumin leƙa rumbu, ko buɗe akwati, ko tambayar inda ka ajiye kuɗi. Duk wanda ya nemi lambar asusunka na banki ko BVN ko lambar sirrin katin ATM da sunan ƙidaya, ɗan damfara ne, ka kai rahotonsa ga 'yan sanda.

Batun kulle kuwa, ƙidayarmu ta ganin ido ce, ana so a ga wanda aka rubuta. Shawarata ka tarbi ma'aikacin a zaure, ka nemi ganin katin shaidarsa, sannan ka buƙaci a turo mace ta shiga cikin gida. In ya ƙi, kada ka yi hayaniya da shi, ka nemi mai kula da shi ko ka je ofishin hukumar na ƙaramar hukuma.

Abin da ka faɗa fa, ina yake zuwa? Abin da ake bugawa alƙaluma ne: jiha kaza mutum kaza, kamar yadda ƙidayar 2006 ta ba Najeriya sama da miliyan 140, Zamfara kuma sama da miliyan 3. Doka ta hana ma'aikacin ƙidaya bayyana bayanan mutum ga wanda ba shi da hurumi. Mai unguwa ko dagaci zai iya raka su ya nuna gidaje, amma wannan bai ba shi ikon karɓar jerin sunayen iyalinka ba. Gwamna ma haka, domin sashe na 158 na kundin tsarin mulki ya ce ba wanda zai juya Hukumar Ƙidaya wajen gudanar da ƙidaya da haɗa rahotonta. Sannan Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ce bayanin da aka karɓa don wata manufa ba za a karkatar da shi zuwa wadda ta saɓa mata ba, ta kuma ba bayanan addini da ƙabila da lafiya kariya ta musamman. Dama ƙidayar 2006 ba ta tambayi addini ko ƙabila ba.

Ba zan ɓoye maka inda nake da damuwa ba. Wannan doka ta 2023 ta sassauta wa hukumomi wasu sharuɗɗa idan batun tsaron ƙasa ne ko binciken laifi, kuma a jiha irin tamu kalmar tsaro tana da faɗi. Bayan haka, ƙidayar da aka shirya yi a watan Mayun 2023 kafin a ɗage ta, da na'urar hannu aka tsara ta. Bayanin da ke cikin na'ura ya fi na takarda saurin kwafuwa. A ganina haɗarin ya fi yawa a hannun ma'aikacin wucin gadi da ya san ka ya san unguwarku, fiye da ofishin Abuja. Don haka ka amsa abin da ke cikin tambayoyin kawai, in wata ta yi maka baƙo ka ce a nuna maka ita a na'urar, kuma kada a yi hirar a gaban 'yan kallo.

Idan aka fallasa bayananka, ka rubuta sunan ma'aikacin da lambar katinsa da ranar da ya zo da shaidun da suka ji. Ka kai ƙorafi a rubuce ga ofishin Hukumar Ƙidaya da ke Gusau, ka riƙe kwafi mai hatimi. Kana kuma iya kai ƙara gaban Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya. Sashe na 46 na kundin tsarin mulki ya ba ka damar zuwa Babbar Kotu a jiharka ka nemi a hana ko a biya ka diyya, har ma tun kafin a take haƙƙin, muddin akwai alamar za a take shi. In kuɗin lauya ya gagara, ka tuntuɓi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ka tafi da waccan takarda mai hatimi.