Kwastam ta riƙe kayan kwastomata, ni zan biya ko ita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan ana lafiya. Ni ƙaramar 'yar kasuwa ce, jakunkuna nake ɗinkawa da hannuna ina tallatawa a Instagram da Etsy, kuma yawancin masu sayena a ƙasashen waje suke. Da can in na tura kaya Amurka lafiya lau suke isa, to yanzu wata kwastomata ta turo min saƙo cikin fushi wai kamfanin aika kaya ya ce sai ta biya haraji kafin a ba ta jakar, ita kuma ta ce ba za ta biya ba, in mayar mata da kuɗinta. Don Allah wa ya kamata ya biya? Kuma ƙawata ta ce in riƙa rubuta "kyauta" a fom ɗin kwastam ko in rage farashin da zan rubuta, ya kake gani?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya sa wa nema albarka. Ba wanda ya cuci kwastomarki, doka ce ta canja. Amurka ta daɗe da wani rangwame, ƙunshin da kuɗinsa bai wuce dala 800 ba yana wucewa ba haraji, a 2016 ma aka ɗaga shi daga dala 200 zuwa 800 ɗin, a kansa manyan shagunan intanet irin su Shein da Temu suka yi ƙiba har a 2024 kaɗai ƙunshi sama da biliyan 1.3 ya shiga ƙasar ta wannan ƙofa. Gwamnatin Trump ta fara rufe wa China da Hong Kong a 2 ga Mayu 2025, sai ta rufe wa duniya gaba ɗaya a 29 ga Agusta 2025, abin ya zo a gurguje har gidajen waya na Jamus da Indiya da Japan da wasu da dama suka dakatar da tura kaya can na ɗan lokaci saboda ba su san yadda za su karɓi harajin ba. Manya aka nufa, amma irinku ƙanana ne suka fi ji a jikinsu, don su manyan suna da rumbunan ajiya a can da ma'aikatan da ba su da aiki sai takardun kwastam.

To batun wa zai biya. A ƙa'ida wanda ya shigo da kaya ƙasa shi ke biya, wato ita kwastomar, sai dai in ke kika ɗauki nauyin tun farko. Ki duba fom ɗin kamfanin aika kaya za ki ga haruffa biyu-uku, DAP na nufin ke kin biya kuɗin kai kaya, haraji na mai karɓa ne, DDP kuma ke kin biya komai ita hannu kawai za ta sa ta karɓa. Da alama DAP kika tura ba ki sani ba. Doka tana goyon bayanki kenan, amma ni dai gaskiya ban ga laifinta ba, mutum ya biya kuɗin jaka ya biya kuɗin aike ya gama lissafinsa sai kawai a ƙwanƙwasa masa ƙofa a ce kawo ƙari, kowa ma zai ji haushi. Kuma ba harajin kaɗai ba ne, kamfanin ma yana ɗora nasa ladan na shigar da takardu, a kan ƙaramin kaya wani lokaci ladan ya fi harajin kansa yawa.

Shawarata wannan karon ki lallaɓa ta ku raba, ko ma ki biya duka. In ta ƙi karɓa kayan ko dai a dawo miki da su ki biya kuɗin dawowa ko a lalata su, ga kuɗinta za ki mayar, ga mummunan sharhi da za ta bar miki a shafi wanda zai daɗe yana korar masu saye.

Nan gaba kuma abu biyu ki riƙe kafin ki sa farashi. Kowane kaya a duniya yana da lambarsa ta kwastam, lambar HS, tsarin Hukumar Kwastam ta Duniya ne da ke Brussels, lambobi 6 na farko iri ɗaya ne a ko'ina sannan kowace ƙasa ta ƙara nata a baya. Jakar hannu ta fata 4202.21 ce, ta yadi ko roba 4202.22, kinga jaka dai jaka ce a idonki amma a wurinsu haraji daban. Na biyu, inda aka ƙera kaya ake dubawa ba inda aka aiko shi ba, wanda ya sari kayan China ya sake tura su daga wata ƙasa harajin China zai sha. In kin san waɗannan sai ki lissafa, ki zuba shi cikin farashi, ki tura DDP, ki rubuta ɓaro-ɓaro a shafinki cewa ba wani kuɗi a bakin ƙofa. Eh farashin zai ɗan hau, wasu za su gudu, amma waɗanda suka saya ba za su dawo miki da rigima ba.

Maganar ƙawarki kuwa, kul. Kyautar da Amurka ta yafe ita ce ta mutum zuwa mutum da ba ta wuce dala 100 ba, ciniki ba ya ciki, kuma jami'in kwastam yana da waya a hannunsa zai iya buɗe shagonki ya ga farashin. Za a iya ƙwace kayan ko a ci tara, sannan in ƙunshin ya ɓata a hanya inshora abin da kika rubuta kawai za ta biya ki.

TAMBAYA: Malam ni Turai nake tura kaya ba Amurka ba, abin ya shafe ni?

AMSA: Ai ɗan uwa su Turai sun riga Amurka. Tun 1 ga Yuli 2021 Tarayyar Turai ta soke yafiyar kayan ƙasa da yuro 22, komai ƙanƙantar kaya sai an biya harajin VAT, kuma har da kuɗin aike ake lissafawa, a ce kayan yuro 40 aike yuro 15 zuwa Jamus mai kashi 19, yuro 10.45 kenan. In oda ba ta wuce yuro 150 ba akwai tsarin IOSS na karɓar VAT tun lokacin saye, manyan kasuwannin intanet irin su Etsy da eBay su suke karɓa tun wajen biya, naka kawai ka tabbata lambar IOSS ɗinsu ta shiga bayanan aiken, in ka manta sai a caji kwastomanka sau biyu kuma kai zai nema. Birtaniya nata tsarin daban, iyakar odar da ake karɓar VAT ɗinta tun wajen biya fam 135 ce. A ƙarshen 2025 kuma ƙasashen Tarayyar suka amince su fara karɓar yuro 3 na kwastam a kan ƙananan kayan daga Yuli 2026, don haka ka leƙa shafin kwastam na ƙasar da za ka tura wa kafin ka ba kowa farashi.