Jikokin Hajiya ba su san ta ba sai a kan gadon jinya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Mahaifiyarmu ta rasu bayan ta daɗe tana fama da shanyewar ɓarin jiki, kuma a ɗakina ta yi jinya har Allah Ya karɓi abinsa. Duk lokacin da na tuna ta, kwanciyarta da wahalar da ta sha kawai nake gani, 'ya'yana kuwa ba su taɓa ganin ta a tsaye ba. Yaya zan yi su san kakarsu, kuma wane aiki ne ladansa zai riske ta?
Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya sa jinyar ta zama kaffara, ke kuma Ya saka miki da alheri. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa babu wata cuta ko gajiya ko baƙin ciki da zai sami musulmi, ko da ƙaya ce ta soke shi, face Allah Ya kankare masa zunubi da ita. Saboda haka shekarun da kike tunawa da ɗaci ba su tafi a banza ba. Hawayenki ma ba laifi ba ne, domin Annabi (SAW) ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa Amina, ya yi kuka har na kusa da shi suka yi kuka.

Wanda ya daɗe yana jinyar wani yakan jima kafin surar mamacin ta lokacin lafiya ta dawo masa, kuma a ganina hanya mafi kusa ta sanar da yaran kakarsu ita ce mutanenta. Idan Annabi (SAW) ya yanka akuya, yakan aika wa ƙawayen Nana Khadija da naman bayan rasuwarta. Ki ɗauki yaran ki kai su gaida ƙawayen Hajiya da ƙannenta da maƙwabtan da suka zauna tare, ki riƙe musu ɗan abin hannu, sannan ki bar tsofaffin su yi ta magana. A bakinsu yaran za su ji sana'ar da ta yi ta ciyar da ku, da auren da ta sasanta, da marayan da ta riƙe, da yadda take kiran jikanta namiji maigida, ta macen kuma kishiya. Da izininsu ki naɗi hirar a waya, domin su ma ba dawwama za su yi ba. A gida kuma, in kin dafa abincin da ta koya miki ko kin yi musu tatsuniyarta, ki faɗa musu daga wurin wa kika samo.

Game da lada, hadisin Abu Huraira a cikin Muslim ya ce aikin mutum yana yankewa da mutuwarsa sai abubuwa uku: sadaka mai gudana, da ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ki saba wa yaran da yi mata addu'a bayan kowace salla. Sa'adu ɗan Ubada, wanda mahaifiyarsa ta rasu ba ya gari, ya ba da gonarsa sadaka dominta, an kuma ruwaito cewa ya haƙa rijiya da sunanta. Idan rijiya ta fi ƙarfinku ku haɗa hannu da 'yan'uwanki, kuma keken guragu ko gadon jinyar da ta bari, in magada sun amince, akwai marasa lafiya da ke buƙatarsu yau.

Kafin duk wannan, ku bincika ko akwai bashi a kanta, ko da na adashe ne ko na kuɗin magani, ku biya, sannan ku zartar da wasiyyarta matuƙar ba ta wuce sulusin dukiyarta ba. Azumin da ta sha a cikin ciwon da bai sake ta ba har ta rasu kuwa, babu ramuwarsa a kanta.