Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Tsohuwar da Ta Shekara 101

Tambaya: Likita, ni 'yar zangon Kumasi ce, ina aikin kula da tsofaffi a unguwar Bronx ta birnin New York. Shekara tara ina hidimar wata tsohuwa Bayahudiya wadda jikokinta ke kira Bubi, har ta rasu tana da shekara 101. Duk yammacin Juma'a ni ce nake riƙe mata hannu ta kunna kyandir biyu, domin hannun yana rawa, amma hankalinta bai taɓa gushewa ba, tana lissafa sunayen tattaɓa-kunnenta ɗaya bayan ɗaya. Ga shi kuwa ba ta ƙin maiƙo, ba ta ƙin zaƙi. Shin tsawon ran nan gado ne, ko abinci ne?

Amsa: Allah ya ba ki haƙurin wannan rashi, domin wadda aka yi wa hidima shekara tara ta zama uwa. Ajali na Allah ne, amma likitoci sun daɗe suna bin diddigin sababi, kuma a nan Bronx ɗin da kike zaune aka yi ɗaya daga cikin manyan bincike a kan haka. Tun 1998 Dakta Nir Barzilai na Kwalejin Likitanci ta Albert Einstein yake nazarin Yahudawan Ashkenazi, wato waɗanda kakanninsu suka fito daga tsakiya da gabashin Turai, waɗanda suka haura shekara 95. An zaɓe su ne saboda sun shafe ƙarnuka suna auratayya a tsakaninsu, don haka ƙwayoyin gadonsu suka yi kama da juna, abin da ya bambanta mai tsawon rai da sauran yake saurin bayyana. Da aka duba rayuwar mutum 477 daga cikinsu a rahoton 2011, sai aka tarar ba su fi tsararrakinsu kiyaye abinci ko motsa jiki ko gujewa taba ba. Abin da aka fi samu a jikinsu shi ne wasu sauye-sauye na gado, irin na ƙwayar CETP, wadda ke ƙara yawan kitsen jini mai amfani da ake kira HDL. A cikinsu akwai 'yan gida ɗaya su huɗu da kowannensu ya wuce 100: Irving Kahn ya rasu a 2015 yana da 109, yayarsa Helen Reichert ma ta kai 109 duk da ta shafe shekaru masu yawa tana shan taba.

Sai dai ina jan kunnen masu karatu, kada wani ya kafa hujja da Helen ya kunna sigari. Binciken tagwaye a ƙasar Denmark ya nuna gado yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na bambancin tsawon rai a tsakanin talakawan mutane irina da ke. Wanda bai gaji wannan garkuwa ba, hawan jini da sukari da taba su ne ke yanke masa hanzari.

Tambaya: Ina zaune a Manchester, matata Bayahudiya ce. Surukata ta rasu tana da 94, amma ta yi kansar mama tana 'yar shekara 48. Muna da 'ya'ya mata biyu. Akwai abin tsoro?

Amsa: Malam, akwai abin bincike, kuma ka yi daidai da ka tambaya, domin tsawon ran surukarka bai shafe wancan tarihi ba. Kusan mutum ɗaya cikin 40 na Yahudawan Ashkenazi yana ɗauke da lahani a ƙwayar BRCA1 ko BRCA2, alhali a sauran jama'a ana samun ɗaya ne cikin ɗaruruwa. Wannan lahani yana ƙara haɗarin kansar mama da ta gidan ƙwai, a maza kuma ta furostat, kuma kowane ɗa yana da rabi da rabi na yiwuwar gadonsa. Matarka ce za ta fara yin gwajin, da yawu ko jini, bayan ta zauna da mai ba da shawara kan cututtukan gado. A 2024 hukumar lafiya ta Ingila, wato NHS, ta buɗe shirin gwajin kyauta ga masu kaka Bayahude ko da ɗaya ne, amma an rufe rajistarsa a 2025, don haka matarka ta kai wa likitan iyali tarihin surukarka ya duba batun tura ta. 'Yan matan kuwa a bar su sai sun cika 18 su yanke shawara da kansu.

Tambaya: Maƙwabciyata mai shekara 70 ta faɗi da ciwon ƙirji a rana ta uku ta zaman makokin mahaifiyarta. An ce jijiyoyin zuciyarta ba su toshe ba. To mene ne ya same ta?

Amsa: Bayaninki ya yi kama da ciwon takotsubo, wanda aka fara bayyanawa a Japan a 1990, aka sa masa sunan wata tukunya mai siririn wuya da masunta ke kafa tarko da ita, saboda siffar da zuciya ke ɗauka. Tsananin baƙin ciki ne ke kwararo sinadarin adrenalin har ɓangaren hagu na zuciya ya raunana. Kusan tara cikin goma na masu kamuwa mata ne, galibi waɗanda suka daina al'ada, kuma yawancinsu suna warkewa cikin makonni. Yahudawa suna zaman makoki na kwana bakwai da suke kira shiva, a kan gajerun kujeru, an rufe madubai, maƙwabta suna kawo abinci, kamar dai yadda muke taruwa har sadakar bakwai. Taron yana da amfani ga mai rashi, amma a irin waɗannan kwanaki ne ake manta maganin hawan jini, barci ya ƙaurace. Ki riƙa leƙa ta kina tambayar ko ta sha maganinta, kuma idan ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ya dawo, a kira motar asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.